Azabtarwa: zukata ne suka canza, ko ɗakin yi aka sauya?

A shekarar 1874 marubucin nan na Faransa, Victor Hugo, ya ce azabtarwa ta daina wanzuwa. Shekara 25 bayan wannan magana, ayarin sojan ƙasarsa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa ya nufo Damagaram. Har yau ana ba da labarin abin da suka bari a baya, tun daga Lugu da Birnin Ƙonni har ƙauyukan Tasawa: garuruwa a ƙone, ƴan jagora a rataye don an zarge su da ɓatar da hanya, sojoji suna kawo yankakkun hannuwa shaidar sun kashe. Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da su, toka da gawawwaki ne suka nuna masa hanyar da suka bi, shi ma suka harbe shi ranar 14 ga Yulin 1899. Kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe su biyun, ragowar ayarin ya ci gaba, ya gwabza da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, ya shiga Birni a ƙarshen watan.

Hugo ba ƙarya ya shara ba. Littattafan dokar Turai ya duba, ya ga an goge babin azaba daga cikinsu, kuma da gaske an goge. Idonsa ne dai bai kai kan mutanen da ba a rubuta dokar dominsu ba. A ganina an samu canji, babba ma, sai dai ba a inda aka fi zato ba. Ba tausayi ne ya ƙaru a zukata ba. Doka ce ta zare hannunta, kunya kuma ta shigo. Abubuwan da suke ciyar da azabtarwa tun fil azal kuwa suna nan da ransu: shari'ar da ba ta da hanyar gano gaskiya sai ta bakin wanda ake tuhuma, da ɗabi'ar raba mutane gida biyu, masu jikin da ba a taɓawa da waɗanda nasu jikin kowa ya samu nasa ne.

Abin da zai ba mai karatun yau mamaki shi ne, a da azabtarwa ba ta'asar wani mugun jami'i ba ce da yake yi a ɓoye. Aikin kotu ce, da ƙa'idojinta, da magatakarda zaune yana rubutawa. A tsohuwar Rum ba a karɓar shaidar bawa sai an gana masa azaba, wai bawa ba shi da mutuncin da za a yarda da bakinsa haka siddan. Manyan gari kuwa an keɓe su, in ba a laifin cin amanar sarki ba. A Turai ta tsakiyar zamani abin ya taso ne daga wata gyara da aka yi da kyakkyawar niyya. A da in shari'a ta cije, sai a sa mutum ya riƙe jan ƙarfe ko a jefa shi ruwa, a ce Allah zai nuna mai gaskiya. A 1215 babban taron Coci ya hana limamansa sa hannu a wannan, sai aka koma ga ƙa'ida mai tsauri: ba a yanke hukuncin kisa sai da shaidu biyu da suka gani da idonsu, ko mai laifi ya amsa da bakinsa. Don kare marar laifi aka yi ta. To amma wa yake kisan kai a gaban shaidu biyu? Alƙali yana da wuƙa mai jini, yana da mutum ɗaya da ya ga wanda ake zargi yana gudu, dokarsa ta ce wannan rabin hujja ne. Sai ta ba shi izinin ya ciko ɗaya rabin daga jikin mutumin. A 1252 Fafaroma Innocent na Huɗu ya halatta haka wajen binciken ƴan bidi'a. Har da wata ƙa'ida ta wanke kai: iƙirarin da aka yi cikin azaba ba ya tsayawa sai mutum ya maimaita shi daga baya a gaban kotu, wai da son ransa. In ya janye, a mayar da shi ɗakin.

Kada a ce mutanen da ba su san cewa azaba tana haifar da ƙarya ba. Sun sani sarai. Ulpian, masanin dokar Rum na ƙarni na 3, ya rubuta cewa abu ne mai rauni da haɗari, don mai taurin rai zai jure ya yi ƙarya, mai raki kuma zai faɗi duk abin da aka so ji. Mu ma muna da namu, wanda ya fi wannan fitowa fili. Gab da yaƙin Badar sahabbai suka kama wani bawa mai ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa. Su ayarin Abu Sufyan suke fatan ji. In ya ce bai san komai game da Abu Sufyan ba, amma ga Abu Jahil da Utba da Shaiba can da runduna, sai su doke shi. In duka ya ishe shi ya ce to, zai ba su labarin Abu Sufyan, sai su sarara. Annabi (SAW) yana salla, da ya sallame ya ce musu in ya faɗa musu gaskiya sai su doke shi, in ya yi musu ƙarya sai su ƙyale shi. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Duk rahoton da masana suka rubuta a zamaninmu kan rashin amfanin azaba wajen tatsar bayani, bai wuce sharhin wannan ba: mai duka ba gaskiya yake nema ba, abin da ya riga ya ƙudurta yake so ya ji daga wani bakin.

To in an sani tun da can, me ya sa sai a ƙarni na 18 Turai ta soke ta? Labarin da aka fi yayatawa shi ne na masu alƙalami. A 1762 aka karya gaɓoɓin Jean Calas, wani ɗan kasuwa a Tulus, bisa zargin kashe ɗansa. Ya mutu yana cewa bai yi ba, marubuci Voltaire ya tsaya kai da fata har aka wanke shi a 1765. A 1764 Beccaria ɗan Italiya ya fitar da ɗan littafinsa mai sukar azaba, ya zaga Turai. Farusiya ta fara janyewa tun 1740, Ostiriya ta bi a 1776, Faransa a 1780 da 1788, Rasha a 1801. Duk haka ne. Amma akwai wani bayani da masanin tarihin shari'a John Langbein ya kawo, wanda ni ya fi gamsar da ni: kafin masu alƙalami su yi magana, kotuna sun riga sun fara yanke wa mutum ɗauri ko aikin wahala bisa alamu masu ƙarfi, ba tare da jiran iƙirari ba. Da alƙali ya daina buƙatar bakin wanda ake tuhuma, sai barin azaba ya yi masa sauƙi. Tausayi ya samu shiga ne bayan buƙata ta ragu.

Nan gida ma ba a ɓoye ake yi ba. Akwai hauni, akwai dogarai da dorina, akwai mari da turu, kowanne da mai riƙe da shi a tsarin sarauta. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna Damagaram a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake kashe waɗanda hukunci ya hau kansu a bar wa kuraye gawa. Baƙo ne, da yawa daga abin da ya rubuta ji ya yi, kuma neman hana cinikin bayi ne ya kawo shi, don haka a karanta shi da lura. Amma ba wanda zai ce sarautar da ta gina ganuwa ta ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimun da lallashi ta riƙe ƙasa. Hukunci a lokacin saƙo ne, saƙo kuwa sai an gani. Haka yake a Faris, inda a 1757 jama'a suka yi cincirindo suna kallon yadda aka ɗaure Damiens a jikin dawaki don a yayyaga shi, saboda ya soki sarki da wuƙa. A nan kam canjin ba ya musuntuwa. Babu gwamnatin da a yau za ta sa a yi shela a taru a dandali a kalli irin wannan ta kira shi adalci.

Inda na fi so a tsaya shi ne littattafan fiƙihunmu, don a can ne gardamar ta fi tsufa, kuma a can ne ake ganin ainihin inda gizo yake saƙa. Nassoshin hani a fili suke. Hisham bin Hakim ya wuce wasu mutane a Sham an tsayar da su a rana an zuba musu mai a ka saboda haraji, ya ce ya ji Annabi (SAW) yana cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa in an sa shi yunwa, ko an ɗaure shi, ko an doke shi. Shi kansa Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, bulala ya sha a Madina zamanin halifa Mansur har kafaɗarsa ta goce, kuma dalilin bulalar fatawarsa ce cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba, abin da masu mulki suka gane yana nufin mubaya'ar dole ma ba ta ɗaure kowa. A cikin Mudawwana ra'ayinsa shi ne ba a tsayar da haddi da iƙirarin da aka samo ta hanyar tsoratarwa ko duka.

Amma ɗalibin da ya kai Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, zai tarar da baitin da ya jingina wa Malik hukuncin ɗauri da duka ga wanda aka saba tuhumarsa, da wani baitin da ya inganta iƙirarin fitinannen da aka tsare don a gwada shi. Malamai na baya irin su Ibn Ƙayyim sun kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, ba a taɓa shi, wanda ba a san halinsa ba, a tsare shi har a bincika, wanda aka sani da ɓarna, wannan ana iya matsa masa. Imam Gazali, wanda ya riga su, ya ƙi a doki wanda ake tuhuma. Hujjarsa ita ce maslahar mai kayan da aka sace ba ta fi maslahar wanda za a doka ba, don mai yiwuwa bai yi ba, kuma ɓarawo ya kuɓuta ya fi sauƙi a kan a doki marar laifi. Ni ina bayan Gazali, ba don kashi ukun ba su da ma'ana a takarda ba, sai don tambayar da ba su amsa ba: wa ya sani, kuma ta yaya ya sani? Wanda aka sani da ɓarna, a aikace, shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa. Ban taɓa jin an rubuta ɗan babban gida a kashi na uku ba.

Wannan layin shi ne Nasara suka zo da irin nasu. A gida sun soke azaba, a nan suka kafa dokar da ta ba kumandan ikon ya jefa talaka kaso har kwana 15 ba tare da alƙali ba, ga aikin dole, ga bulalar masu gadinsa. Sai a 1946 aka soke dokar da aikin dolen. Ba a ɗauki wannan saɓani ba, don wancan ɗan ƙasa ne, wannan kuwa talakan mulki. Abin ya fi fitowa a Aljeriya tsakanin 1954 da 1962, inda sojan Faransa suka mayar da wutar lantarki da dulmiya kai cikin ruwa aikin yau da kullum, shekaru kaɗan bayan an zartar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 a Faris ɗin kanta, wadda sashenta na 5 ya haramta azabtarwa. Paul Teitgen, babban sakataren da ke kula da ƴan sanda a birnin Aljas, wanda shi kansa ya sha azaba a hannun ƴan Nazi, ya ajiye aiki a 1957 yana cewa ya ga a jikin tsararru irin tabon da ya sani a nasa jikin. Sai a 2018 shugaban Faransa ya amsa cewa Maurice Audin, malamin lissafin da ya ɓace a 1957, a hannun soja ya mutu, kuma tsari ne ya kashe shi, ba kuskuren mutum ɗaya ba. Ingila ma sai a 2013 ta biya diyyar fam miliyan 19.9 ga ƴan Kenya 5,228 da aka azabtar zamanin tawayen Mau Mau.

Da tuta ta sauya, ɗakunan ba su rufe ba, masu riƙe da makulli ne suka sauya. Bayan yunƙurin ƴan Sawaba na 1964 an harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, da dama kuma suka sha tsarewa da uƙuba. Zamanin Seyni Kountché sunan Kwardinasiyo, ofishin ƴan sandan siyasa, kaɗai ya isa ya sa hira ta mutu a majalisa. A maƙwabciyarmu Cadi, hukumar leƙen asirin Hissène Habré ta mayar da wani tsohon wurin ninƙaya a Njamena kurkukun ƙarƙashin ƙasa, kuma kwamitin binciken ƙasar ya ƙiyasta mutum 40,000 suka halaka tsakanin 1982 da 1990. A ɗaya gefen kuma takardu suna ta taruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar hana azabtarwa ranar 10 ga Disamban 1984, wadda ta ce babu yaƙi, babu dokar ta-ɓaci, babu umarnin na sama da zai zama uzuri, kuma kotu ba ta karɓar maganar da aka tatso da azaba. Nijar ta shiga a Oktoban 1998. Ba a cika shekara ba fursunoni 29 suka mutu saboda rashin iska a wani ɗaki na gidan kason Yamai. Tsarin mulkin 2010 ya haramta azabtarwa a sashe na 14, amma sai a Mayun 2020 aka yi dokar da ta sa ta zama laifi mai sunan kansa da hukuncinsa. Najeriya ta yi tata a 2017, shekara uku kafin matasa su cika tituna kan ta'asar SARS, sashen ƴan sanda mai yaƙi da fashi.

Mai saurin yanke ƙauna zai ce to duk takardun banza ne. Ban yarda ba. Da waɗannan takardu ne waɗanda suka tsira daga hannun Habré suka bi shi fiye da shekara 20, har wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016. A zamanin Tanimun ko na sarakunan Faransa, ko a mafarki ba wanda zai kawo cewa talaka zai tsaya gaban alƙali ya nuna tsohon mai mulki da yatsa saboda abin da aka yi wa jikinsa.

Amurka ce ta nuna iyakar canjin da kuma ƙarfinsa a lokaci guda. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, lauyoyin gwamnati suka rubuta takarda a Agustan 2002 suna cewa ba a kiran abu azabtarwa sai zafinsa ya kai na lalacewar wata gaɓa ko mutuwa. Da wannan aka shaƙe Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin, da ruwa sau 183. Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda aka miƙa wa Masar, ya faɗa wa masu matsa masa cewa Iraƙi tana horar da ƴan Alƙa'ida, maganar ta shiga jawabin sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, daga baya ya janye ta. Labarin bawan Badar ke nan, sai dai wannan karon ba a samu mai cewa a dakata ba, aka tafi yaƙi. Rahoton majalisar dattawan ƙasar na Disamban 2014 ya ce dabarun ba su kawo bayanan da aka yi ta iƙirarin sun kawo ba. Amma a lura da wahalar da suka sha: sai da suka nemo lauyoyi, suka sake wa abin suna, suka kai shi ƙasashen waje, suka lalata faifan bidiyo. Alƙalin Turai na 1600 bai buƙaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kunyar ta gaske ce.

Sai dai kunya tana da nata ɗan. Tunda tabo ya zama shaida, sai aka ƙware a azabar da ba ta barin tabo: hana barci, tsayuwar dole, ruwa, leda a fuska, ɗaure hannu ta baya a rataye, cusa mutum ashirin a ɗakin mutum huɗu cikin zafin bazara. Masanin siyasa Darius Rejali ya nuna cewa ƙasashen da ke da jaridu da kotuna masu sa ido su ne kan gaba wajen yaɗa irin waɗannan dabaru, don su ne suke da abin ɓoyewa. Mutum ya fito ya ce an azabtar da shi, a ce ya cire riga, a duba, a ce ina shaida.

Su kuwa jama'a, in an tambaye su, me suke cewa? Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi tambayar a 1999, kashi 66 cikin ɗari suka ce bai halatta a azabtar da sojan abokan gaba don neman bayani ba. Da ta sake a 2016, masu cewa haka sun koma kashi 48. A Amurka kashi 46 suka ce ya halatta, a Najeriya kashi 70. Binciken Amnesty na 2014 a ƙasashe 21 ya sami kashi 36 suna ganin wani lokaci dole ce, kashi 44 kuma suna tsoron a azabtar da su in an kama su. Ra'ayin ashe ba hawa yake yi kullum ba, yana hawa yana sauka gwargwadon tsoron da mutane ke ciki. Kuma ba abin mamaki ba ne a sami mutum ɗaya a cikin kashin biyu, yana tsoron abin a kansa, yana halatta shi a kan wani.

Laifi tudu ne, don haka bari mu sauko daga na Amurka. Wani maƙwabcina ɗan kabu-kabu aka sace masa moto a ƙofar masallaci. Moton ba nasa ba ne, kullum yamma yake kai wa mai shi kuɗi, ranar da ya ɓace kuwa abincin gidansa ya ɓace tare da shi. Zarginsa ya faɗa kan wani yaro da ke zama a wata fada kusa da wurin, aka kama yaron. Washegari ya dawo daga ofishin yana huci, ya same mu a bakin titi. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, yaya aka ƙare?" Ya ce, "Baba, an ci kuɗi. Shef ɗin ya zaunar da shi a kan benci yana ta tambayarsa kamar surukinsa. Ko mari ɗaya. Na ce masa ranka ya daɗe, irin waɗannan ba sa magana sai an taɓa su, ya ce in je gida." Duk majalisar ba wanda ya ce jami'in ya kyauta. Wani ma cewa ya yi ai jiki magayi. Mutumin nan ba mugu ba ne, ko akuya ba ya so a daka a gabansa. Amma a idonsa jami'in da bai yi duka ba, ko rago ne ko an saye shi. Wannan matsin daga ƙasa yake zuwa, daga wurinmu, kuma ba a cika rubuta shi a rahoto ba.

A duba kuma abin da ke hannun shi jami'in. Ba kyamara a titi, ba ma'ajiyar zanen yatsu da zai duba nan take, wani lokaci man da zai zuba ya je ya bincika ma sai mai ƙara ya saya. Na sama yana jiran sakamako, mai kaya yana tsaye a ƙofa. Abu ɗaya da yake da shi a hannu shi ne yaron. Matsayin alƙalin Turai mai rabin hujja ke nan, ba ragi ba ƙari. In yaron ya amsa, a rubuta bayaninsa da Faransancin da ba ya karantawa, ya dangwala yatsa. In kuma daga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya fito, ko an taɓa ganinsa da ƴan pale, wato ƴan daba, to tun kafin ya buɗe baki gari ya riga ya sa shi a kashi na uku. Haka muke yi da kanmu in an yi ihun ɓarawo a kasuwa, kowa da abin da hannunsa ya kai, kafin a tambayi me ya ɗauka. Haka iyaye suke kai ɗan da ƙwaya ta lalata gidan mari da hannunsu, su biya kuɗi. Lokacin da ƴan sandan Najeriya suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, suka fito da mutum wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa, yawancinsu danginsu ne suka kai su.

Salula ta shigo ta dagula lissafin ta fuska biyu. A gidajen bashi na Sabha da sauran garuruwan Libiya, inda ƴaƴanmu masu neman kuɗi suke faɗawa, azaba ta koma abin nunawa kamar zamanin dandali. Ana dukan mutum ana kiran gida don uwarsa ta ji kukansa, ko a turo bidiyo ta WhatsApp, a sayar da gona ko tumaki a aika. Waɗannan ba sa jin kunyar kowa don ba hukumar da za su amsa wa, abin da ke nuna cewa kunyar da muke taƙama da ita ba a jinin ɗan zamani take ba, tana tsayawa ne inda akwai mai tambaya. Ta ɗaya fuskar, a Afrilun 2017 bidiyon wasu ƴan sanda suna jibgar wani ɗalibi a Yamai ya zaga wayoyi, aka kama uku, kotu ta ɗaure su shekara guda. An yi Allah wadai ko'ina, kuma ya dace. Amma ɗalibi ne, yana da ƙungiya, yana da masu magana da yawunsa a rediyo. Ina tantama in da yaron fadar nan ne a bidiyon za a ji irin wannan kururuwa.

Shi ya sa ba na sa rai ga wa'azin tausayi shi kaɗai. Abin da tarihi ya nuna yana rage azaba ba shi da armashin faɗa: a rubuta sa'ar da aka kama mutum, a sanar da danginsa, likita ya gan shi, a kai shi gaban alƙali da wuri, alƙali kuma ya ƙi karɓar iƙirarin da ba wata hujja a bayansa, har mai bincike ya gane duka ɓata masa shari'a yake yi. Mafi yawan abin yana faruwa ne a kwanakin farko na tsarewa, kafin kowa ya san inda mutum yake. Dokar Nijar ta ba da awa 48, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, a tuhumar ta'addanci kuwa kwana 15 ne, su ma ana iya sabuntawa. Wata ƙa'idar ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga sa'ar da aka kama shi. Damagaram tana da kotun ɗaukaka ƙara, amma lauyoyin ƙasar nan kusan dukkansu a Yamai suke zaune, kilomita wajen 900 daga nan, kuma uwar da ke tsaye a ƙofar ofishi da kwanon tuwo ba ta da lambar ko ɗaya daga cikinsu, balle kuɗin motarsa.